Gada da Kadarko: Gadojin Dogo Tsakanin Zariya da Kano da Sha'anin Kiyaye Su

Duk wanda ya bi hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Kano, tafiyar kimanin mil 90, zai ratsa Likoro a ƙasar Kudan, da Gimi a ƙasar Makarfi, da Auchan a ƙasar Ikara, kāna ya shiga ƙasar Kano ta Dangora, ya wuce Madobi, ya ƙetare kogin Challawa. A tsakanin nan ba zai ga irin doguwar gadar nan mai bakuna da yawa ba, wadda Turawa kan gina a ƙasashensu don ƙetare kwari mai zurfi, gama ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Abin da zai gani shi ne gajerun gadoji na ƙarfe bisa ginshiƙai, da kwalbatoci masu yawa a ƙarƙashin tudun ƙasar da aka ɗora dogo a kai. Hanyar nan ta haura shekara 110 a kwance.

Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda aka yi waɗannan gadoji, da abin da ke cin su, da irin aikin da ya tsare su har suka kawo yau. Zan fara daga kalmar kanta, domin nan ne fagen aikina, kuma domin kalmar tana jan idonmu zuwa ga ƙarfe, alhali kuwa ran gada yana gindinta, inda ruwa ke bi.

1. Asalin kalmar

Kafin zuwan Turawa, abin da Bahaushe ke ƙetare rafi da shi sunansa kadarko. Itatuwa ne akan gitta daga gaɓa zuwa gaɓa, sau da yawa gumagumen giginya, a jera ƙirare a bisa, a zuba ƙasa. Kadarko ba ya daɗewa. Gara ta ci shi, ko ruwan damina ya tafi da shi, mutanen gari su yi gayya su sake wani. Babban kogi kuwa sai kwalekwale, ko gora, ko a jira rani a taka da ƙafa.

Kalmar gada baƙuwa ce. Masana harshe sun nuna daga kalmar Ingilishi girder ta fito, watau doguwar dirkar ƙarfe da ake kwantarwa bisa ginshiƙai don ta ɗauki nauyi. Mutanen Ingila ba su furta harafin r a bayan wasali a irin wannan wuri, saboda haka abin da kunnen lebura ya ji daga bakin Bature shi ne gada. Ta wannan hanya ce digger ta zama diga, motor ta zama mota. To, sai sunan ɓangare ya zama sunan abu duka: Bature yana nufin ƙarfen kaɗai, Bahaushe ya ɗauki sunan ya ba ginin gaba ɗaya, har yau ana kiran wadda aka yi da kankare zalla gada, ko da babu dirkar ƙarfe a jikinta.

Kalmar ta zauna daram cikin Hausa. A rubutun boko ba a bambanta ta da gada ta daji, amma karin sauti ya raba su: ta ƙetarewa tana farawa da karin sama ta sauka ƙasa, ta daji kuwa tana farawa da karin ƙasa ta hau sama. Jam'inta gadoji, bisa tsarin da kalmomin aro suka fi bi, kamar tasha da tashoshi, mota da motoci, kwalbati da kwalbatoci. Baƙin d ya koma j a gaban wasalin i ta hanyar ganɗantawa, kamar yadda ya koma a gida da gidaje a gaban e. Tare da ita aka shigo da ayarin kalmomi na aikin dogo: reluwe, lebura, heluma, tasha, diga, shebur, kwalbati, siminti. Har sunayen garuruwa sun ɗauka, shi ya sa ake da Gimi Gari da Gimi Tasha.

2. Yadda aka shimfiɗa hanyar

Cikin shekarar 1907 aka naɗa Sir Percy Girouard ya shugabanci Jihar Arewa. Shi injiniyan dogo ne, mutumin Kanada, wanda ya riga ya shimfiɗa dogo cikin hamadar Sudan a 1897. A wannan shekara ta 1907 Gwamnatin Ingila ta yarda a yi hanyar jirgi daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano, mil 356, faɗin dogon ƙafa 3 da inci 6. John Eaglesome, shugaban ma'aikatar ayyuka, shi ya riƙe aikin. Dogo ya isa Zariya a farkon 1911, ya isa Kano cikin watan Maris na wannan shekara, amma ba a buɗe hanyar sosai ga 'yan kasuwa ba sai ran 1 ga Afrilu 1912. A 1912 ɗin kuma aka haɗa ta da wadda ta taso daga Ikko, suka gamu a Minna.

Leburorin da suka yi aikin talakawa ne da sarakuna da hakimai suka tara bisa umurnin Gwamna, kowace gunduma da adadin da aka yanka mata. Ana biyansu da kuɗin ƙarfe, waɗanda da su ne kuma za su biya haraji. Mutanen ƙasar Zazzau suka sa wa aikin suna diga, da sunan abin haƙar. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903, ya yi waƙa a kan zuwan dogo ƙasarsa, ita ce aka sani da Waƙar Diga. Wanda ke son sanin yadda jirgi ya sake rayuwar ƙauyukan da ke tsakanin Zariya da Kano, akwai binciken da Shehu Tijjani Yusuf ya yi a Jami'ar Leiden a kan haka.

Akwai abu biyu cikin tarihin nan da suka shafi gadoji. Na farko, an yi hanyar ne da niyyar araha da sauri. An sa dogo marar nauyi, an bi kan tudu duk inda ya yiwu don a kauce wa ƙorama, aka bar waɗansu ayyuka na dindindin sai bayan jirgi ya fara wucewa. Na biyu, sashen Zariya zuwa Kano cikin rani aka shimfiɗa shi, lokacin da rafuka suka ƙafe, sai yashi. Hanyar tana hawa doron da ya raba ruwa biyu: na kudu yana gangarawa Galma, ya shiga kogin Kaduna, ya faɗa Kwara, na arewa yana bin Challawa da kogin Kano zuwa Haɗeja, ya nufi tafkin Cadi. A irin wannan doro ba a samun manyan koguna, sai ƙananan rafuka birjik, waɗanda yaro kan tsallake da rani, amma in sama ta yi da gaske cikin watan Agusta su cika su batse cikin sa'a guda. Ruwan da ke sauka a ƙasar Zariya ya kai kimanin inci 40 a shekara, kusan dukansa cikin wata biyar. Saboda haka aikin injiniya a nan shi ne ya ƙiyasta, yana tsaye cikin busasshen yashi, iyakar ruwan da zai zo wata rana.

Manyan gadojin ƙasar nan daga baya suka zo. Ta Jebba a kan Kwara ba ta kammala ba sai 1916. Kafin nan a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragai. Ta Makurɗi a kan Binuwai an buɗe ta a 1932. Su ne ake ɗauka a hoto. Amma auduga da gyaɗa da mazarƙwailar da manoman Makarfi da Kudan da Ikara suka riƙa kai wa tasha ba su isa Jebba ba sai da suka fara ƙetare ƙananan gadojin nan da ba su da suna.

3. Sassan gada da abin da ke cin kowanne

Gadar dogo tana da sassa huɗu. Akwai harsashi, wanda ke binne ƙarƙashin yashi. Akwai ginshiƙai na dutse ko na kankare, tare da bangon da ke riƙe gaɓa a kowane gefe. Akwai dirkokin ƙarfe, waɗanda aka haɗa fallayensu da ƙusoshi masu kai biyu da ake dasawa suna ja wur da zafi. Sa'an nan akwai matashin ƙarfe tsakanin dirka da kan ginshiƙi.

Abokin gābar ƙarfe tsatsa ce. Tana kama wurin da ruwa ke kwanciya: lungun da ƙasa da kashin tsuntsu suka taru, da tsakanin fallaye biyu, da ƙarƙashin katakon da dogo ke kai. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, don haka in ta shiga tsakanin fallaye sai ta kumbura ta buɗa su, har kan ƙusa ya fita. Maganinta a share, a kankare, a shafa fenti. Babbar gadar Forth a Sikotland, wadda aka buɗe a 1890, shekara da shekaru masu fenti ba su rabu da ita ba, sai da aka yi mata wani sabon shafe da aka gama a 2011. A 2015 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya, jirage kuwa suna bin ta har yanzu.

Matashi kuma ga amfaninsa. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Dirka mai tsawon ƙafa 100, tsakanin sanyin asubahin hunturu da zafin ranar bazara, takan ƙaru da abin da ya kusa rabin inci. An yi matashin ne don ɗaya gefen dirkar ya riƙa zamewa a kansa. In ƙasa da tsatsa suka cushe shi, dirka ba ta daina miƙewa, sai ta tura kan ginshiƙi, ginin ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙadangaren shi ne ruwa, da 'ya'yan cediya da durumi waɗanda tsuntsaye ke yarwa cikin tsaga. Su tsiro, saiwarsu ta yi kauri, ta raba dutse da dutse.

Amma duk waɗannan ido yana ganinsu, kuma suna ba da lokaci. Abin da ya fi kashe gadoji a duniya shi ne ruwa ya ƙwaƙule gindin ginshiƙi. In ambaliya ta zo, ruwan da ya bugi ginshiƙi yakan nutsa ƙasa yana juyawa, ya haƙa rami a gindinsa. Mugun abin shi ne, da ruwa ya fara janyewa sai yashi ya sake cika ramin, wanda ya zo dubawa da rani ya tarar da wuri sumul, alhali harsashin ya riga ya rasa abin da ya dogara a kai. Haka gadar Glanrhyd ta ƙasar Wales ta rushe cikin watan Oktoba 1987, jirgi ya faɗa cikin kogin, mutum 4 suka rasu, ƙarfenta kuwa lafiya lau. A ƙasarmu masu ɗiban yashi suna ƙara wa wannan cuta ƙarfi, gama duk tifar da aka cika kusa da gada rage zurfin harsashinta aka yi. Maganin shi ne a auna zurfin gindin da sanda tun ruwa bai gama janyewa ba, a jibga manyan duwatsu kewaye da ginshiƙi, ko a jera kejin waya cike da duwatsu.

Kwalbati ita ce ƙanwar gada, ita aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi haɗari. Tudun dogo tamkar madatsar ruwa yake, an huda shi wuri wuri. In kara da yashi da leda suka toshe hudar, ruwa sai ya taru a baya ya zama tafki. Tudun ba a gina shi don riƙe tafki ba. Ruwa ya jiƙa shi, ya sami ramin gafiya ko na gara ya bi, cikin dare ɗaya ya tafi da ƙasar, ya bar dogo yana reto a sarari. Direba yana hango dogonsa a miƙe cikin hasken fitila, bai san babu kome a ƙarƙashi ba.

4. Masu kiyayewa

Abin da ya tsare hanyar nan shekara da shekaru ba wata dabara ce mai wuya ba. An raba dogo kashi kashi, kowane kashi na 'yan milamilai yana hannun ƙungiyar leburori da helumansu, suna zaune a barikin da ke bakin hanya. Kullum da safe mutum guda yakan taka kashinsu da ƙafa, da guduma a kafaɗa, yana duba kowace mahaɗa. Kafin damina a yashe kwalbatoci da lambatu, a sare tsiron da ke jikin gini. In an yi ruwa mai ƙarfi da dare a fita sintiri da fitila da jar tuta, da 'yar nakiyar nan da ake maƙalawa a kan dogo, wadda kan fashe da ƙara in jirgi ya taka ta don direba ya tsaya.

Na zauna da wani dattijo a Saulawa ta ƙasar Ikara, wanda ya yi wannan aiki tun yana saurayi har ya yi ritaya ya koma gona. Na je ne neman kalmomi, na dawo da abin da ya fi su. Ya bayyana mini yadda ake gane ƙusar da ta saki: a ɗora yatsa a kanta ta gefe ɗaya, a buga ɗaya gefen da ƙaramar guduma, mai lafiya takan yi ƙara tsaf, wadda ta saki kuwa muryarta a dushe take, yatsa kuma yana jin motsinta. Ya san kowace kwalbati ta kashinsu da halinta, wadda ke cika da yashi, da wadda ruwanta ke zuwa a makare bayan an ɗauke sama domin daga nesa yake tasowa. Ya san iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin ginshiƙi a shekarar da aka yi babbar ambaliya, domin helumansu ya sa an yi zane a wurin. Ba ko ɗaya daga cikin wannan da ke rubuce. Da Hausa ya koya, daga bakin na gaba da shi, kuma ya ce mini ba wanda ya taɓa tambayarsa sai ni.

5. In an daina kiyayewa

Ran 29 ga Satumba 1957, bayan ruwa mai yawa, jirgin da ya taso daga Ikko zuwa Kano ya faɗi a Lalupon kusa da Ibadan, inda ambaliya ta cinye ƙarƙashin dogo. Mutum fiye da 60 suka hallaka. A ƙarshen watan Mayu 2025 ambaliya ta auka wa garin Mokwa a Jihar Neja, ta kashe mutum fiye da 150, kuma cikin dalilan da aka bayar har da ruwan da ya taru a bayan tudun dogo kafin ya ɓalle. Wannan na biyu ya nuna cewa ko jirgi ba ya wucewa, tudun dogo da kwalbatocinsa suna nan suna aiki a kan ruwa, mutanen da ke zaune a gangare kuwa su ne a bakin haɗari.

Muna da misalin hanyar da aka bari a nan kusa da mu. Ƙaramin dogon Bauci, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya hau dutse ya isa Jos da Bukuru a 1914, don jigilar kuza. Da aka kai babban dogo Jos ta Kafanchan a 1927 sai amfaninsa ya ragu, aka rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafan. Yau ɗalibi ɗan ƙasar Soba yana iya gama makaranta bai taɓa jin jirgi ya ratsa garinsu ba.

Tsohuwar hanyar Zariya zuwa Kano tana iya bin wannan sawu. Zirga-zirga a kanta ta ragu ƙwarai tun daga shekarun 1980. An gyara ta, jirgin Ikko zuwa Kano ya koma aiki a watan Disamba 2012. Amma a 2016 aka buɗe sabon dogo mai faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi tsakanin Abuja da Kaduna, a watan Yuli 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin ci gaba da shi daga Kaduna zuwa Kano. Jirgin sabon dogo ba ya hawa tsohon. Duk ranar da kaya da fasinja suka koma can ɗungum, kuɗin kiyaye tsohuwar hanya zai zama abin da ake jin nauyinsa, masu sayen tsohon ƙarfe kuwa ba su jiran a ba su izini.

A Ingila an taɓa kaiwa irin wannan gaɓa. Gadar Ribblehead, mai bakuna 24, wadda aka gina cikin shekarun 1870, ruwa ya shiga jikinta ya lalata ginin, har hukumar jiragen ƙasar ta nemi rufe hanyar duka cikin shekarun 1980, tana cewa gyaran ya fi ƙarfinta. Jama'a suka ƙi, suka yi ƙungiya, suka kai ƙara. A 1989 Gwamnati ta hana rufewa, aka gyara gadar, aka toshe inda ruwa ke shiga. A nan gida ma akwai abin koyi: 'yar gadar ƙafa da Lugga ya kafa a Zungeru a 1904 an ɗauke ta an sake kafa ta a Kaduna, a 1956 aka sa ta cikin kayan tarihi da doka ta tsare. Hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, tana da ikon yin haka ga kowane gini da ya cancanta. Sai dai hukuma ba ta tsare abin da ba a nuna mata ba.

6. Abin da ya rage gare mu

Gyaran ƙarfe da harsashi aikin injiniyoyi ne da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955. Amma akwai kashi biyu na aikin da ke hannun malaman Hausa da na kwalejojin horon malamai, kuma ba su bukatar kuɗi mai yawa.

Na farko shi ne ƙidaya. Ɗalibai 'yan Likoro da Gimi da Auchan suna iya bin gefen hanyar da ke ƙasarsu lokacin hutu, da sanin ma'aikatan tasha da dagatai, su rubuta kowace gada da kowace kwalbati: sunan rafin da take kai, yawan bakunanta, abin da aka gina ta da shi, shekara ko sunan maƙera in akwai a jikin ƙarfen, da halin da suka same ta, ko a buɗe ko a toshe. Kwafi ɗaya ya tafi ga hukumar jirgi, ɗaya ga ƙaramar hukuma, ɗaya ya zauna a laburaren sashe. Kwalbatin da aka ba da labarin toshewarta a watan Afrilu ana iya yashe ta da shebur goma kafin Agusta.

Na biyu shi ne ɗaukar maganar tsofaffin leburori da helumomi tun suna da rai. A tambaye su sunan kowane kayan aiki da kowane sashe na gada, da kirarin da suke yi wa jirgi, da waƙoƙin da suke yi in suna ɗaga dogo, da labarin kowace shekarar ambaliya. Mai nazarin harshe zai sami kalmomin aro da ba su shiga ƙamus na Bargery na 1934 ba, ya ga yadda Hausa ta zama harshen aiki tsakanin Bahaushe da Bayarabe da Banufe da Ibo a bakin dogo. Injiniya kuma zai sami abin da taswira ba ta gaya masa, watau inda ruwa ya saba bi da iyakar inda ya taɓa kaiwa.

Kadarko na gari ne, kowa ya san ranar da za a fita gyaransa. Gada kuwa tun ran da ta zo aka ɗauke ta kayan Gwamnati, mai ita yana can nesa. Amma ruwan da ke bi ƙarƙashinta gonakin Gimi da gidajen Likoro zai shiga in ta toshe. Mutanen da suka fi kowa sanin halinta 'yan ƙasar nan ne, da yawansu sun tsufa, kuma kowace shekara ana rasa waɗansu. Ya kamata a fara da su a hutun da ke tafe.